Fijon Tsere da Fijon Lodi: Tarihin Sauya wa Mota Halitta a Kafanchan da Kewayenta

A watan Maris na 1975 abubuwa biyu suka faru da mota guda. A unguwar Kakuri ta Kaduna, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar harhaɗa motocin Peugeot, wadda gwamnatin tarayya da kamfanin na Faransa suka yi wa rajista tun Disambar 1972. Kafin watan ya ƙare, can a Kenya, wani direba ɗan Suwidin mai suna Ove Andersson da abokin tafiyarsa Arne Hertz suka lashe gasar Safari, tseren da a zamanin babu mai cin mota kamarsa, kuma a cikin Fijo 504 suka yi wannan bajinta. Mai kallo daga nesa zai rantse motar Andersson da waɗanda ke fitowa daga Kakuri uwa ɗaya uba ɗaya suke, bodi iri ɗaya, tambarin zaki iri ɗaya. Sai dai ta Kenya an riga an kwance ta an sake ɗaurawa domin gudu. Ta Kaduna kuwa tana jiran hannun kanikawanmu ne, waɗanda su ma za su sauya mata halitta, amma domin wata buƙata dabam.

Babu filin da aka gina domin tseren mota a kudancin Kaduna. Wanda ya zo Kafanchan ko Zonkwa ko Kwoi yana neman garejin da ake shirya Porsche ko Ferrari domin zagaye, ya yi ɓatan kai. Duk da haka sana'ar ɗaukar inji a sa shi ya yi abin da maƙerinsa bai nufa ba ta kusa shekara ɗari a yankin, kuma sassan da injiniyan tsere ke taɓawa su ne dai bakaniken tashar Kafanchan ke taɓawa: sifirin, shokazoba, lagireto, taya, birki. Inda suka rabu shi ne abin da kowa ya fara da shi da abin da ya bari a baya.

Jirgin ƙasa ne ya kawo inji Kafanchan. Turawa sun fara shimfiɗa layin gabas daga Fatakwal a 1913, ya isa Inugu a 1916 domin kwasar kwal, ya kai Makurɗi a 1924, sannan ya ratso ƙasar Fantswam, inda Kafanchan take, ya nufi Kaduna. A 1927 aka buɗe reshen da ya tashi daga Kafanchan ya bi ta Kagoro da Manchok ya hau tudun Jos, inda kamfanonin kuza ke jiran kwal da injina. Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, a kan jirgin fito ake tsallakar da taragu kogin Binuwai. Nan da nan mahaɗar ta cika da ma'aikata daga ko'ina, Inyamurai da Yarabawa da Hausawa da 'yan ƙasa, har Sarkin Jama'a ya dawo da fadarsa Kafanchan a 1933. Har yau garin ne hedikwatar ɗaya daga cikin shiyyoyin hukumar jiragen ƙasa, ko da yake jirgin kansa ya zama labari.

Abin da ya dame mu a nan shi ne loko, rumfar da ake kula da kawunan jirgi. Daga Kafanchan zuwa Jos tafiyar kilomita ɗari ce da ɗoriya, kuma a cikinta jirgi yana hawan tudu na sama da mita 400. Kan jirgin da zai ja kaya ya hau wannan tudu, ya kuma sauko da taragu maƙare da kuza, ba a sakinsa da fatan alheri kawai. Akwai ranar wanke tukunyar tururi, akwai gwajin birki kafin tashi, akwai ma'aikacin da aikinsa ke nan ya bi ƙafafun taragu da 'yar guduma yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne, domin ƙarar ƙafar da ta tsage ba ta kama da ta lafiyayya. Kowane gyara ana rubuta shi a littafi, a sa hannu. Ma'aikatar jirgin mulkin mallaka tana da zunubanta, na wariya da ƙarancin albashi, shi ya sa ma'aikatanta suka kasance a sahun gaba a yajin aikin gama-gari na 1945. Amma ta koya wa mutane cewa inji abu ne da ake aunawa, kuma ba a jiran ya lalace kafin a duba shi. Loko da ma'aikatar ayyuka da garejojin kamfanoni irin su UAC da SCOA su ne makarantun kanikawan farko a Arewa.

A daidai wannan zamani, ƙarshen shekarun 1920, noman citta domin kasuwa ya kankama a ƙasashen Kwoi da Kachia da kewaye. Citta tana gona, tasha tana Kafanchan, tsakaninsu hanyar burji ce mai gargada da rani, mai taɓo da damina, a yankin da ruwan sama ke kai wata shida yana zuba. Babbar mota ce ta cike wannan giɓi, kuma tun daga ranar farko rabinta aikin gida ne. Kamfani yana shigo da inji da kai da ƙashin mota kawai, na Bedford ko Austin, daga baya Marsandi 911. Kafinta ne ke gina bodin katako, ya jera benci, mai fenti ya rubuta wa motar kirarinta a goshi. Maƙeri da bakanike kuma su kwance sifirin na baya su ƙara masa ganye biyu ko uku, su ɗaure da dogayen ƙusoshi, domin motar da aka rubuta wa tan biyar ta ɗauki abin da mai ita ya ga dama. Gongoro ke nan. Daga gare ta aka gaji ƙa'idar da har yau ke mulkin garejojin yankin: motar kirki ita ce wadda ta ɗauka, ta kai, ta dawo.

Rikicin 1966 ya kori ɗimbin ma'aikatan jirgi 'yan gabas daga Kafanchan, yaƙin basasa ya datse layin Fatakwal har zuwa 1970, kuma jirgin bai sake komawa yadda yake ba, duk da ɗauko Indiyawan kamfanin RITES da aka yi tsakanin 1979 da 1982 su farfaɗo da shi. Kaya da fasinja suka koma kwalta. A ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu ta koma na dama, wanda ya buɗe wata sana'ar, ta juya sitiyari daga wannan gefe zuwa wancan, sana'ar da ba ta mutu ba har yanzu, kuma idan aka yi ta da yanke da walda tana cikin gyare-gyare mafi haɗari da ake yi wa mota.

Shekara biyu bayan haka mutanen Arewa suka ga motocin tsere da idonsu. Gasar da aka shirya domin kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 1974 ta tashi daga Landan, ta keta Sahara ta Tamanrasset da Agadas ta shigo Kano, sannan ta juya ta nufi Munik. Motoci 70 suka tashi, 19 suka isa, yawanci hamadar Aljeriya ta cinye su, har da Marsandin shahararren direban Ingila Stirling Moss. 'Yan Ostireliya uku suka yi na ɗaya a cikin Citroën, amma na biyu da na uku da na huɗu duk Fijo 504 ne, kuma wadda ta zo ta biyu mata biyu ne 'yan Faransa ke tuƙa ta, Christine Dacremont da Yveline Vanoni.

Ba a ranar Fijo ta fara ba. Yayarta 404 ta ci Safari sau huɗu, a 1963 da 1966 da 1967 da 1968. Ita 504 a 1975 kaɗai ta haɗa Safari da gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa, gasar da a 1972 ba a sami mota ko ɗaya da ta kai ƙarshenta ba. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari da Bandama a cikin 504 mai ƙofa biyu da inji mai silinda shida. Me ake yi wa motar gida har ta jure gudun sama da kilomita 5,000 a kan duwatsu da taɓo?

Abin mamaki, inji ba shi ne farko ba. Ana fara tuɓe motar tsirara, a cire kujerun baya da shimfiɗu da duk abin da nauyi ne kawai. A masana'anta ɗige-ɗigen walda ne ke riƙe da farantan bodi, to sai a bi gaɓoɓin nan a ƙara musu walda, a ninka ƙarfe a wuraren da shokazoba ke dukan bodi. A gina keji na bututun ƙarfe a ciki, wanda zai hana rufi murƙushe mutane idan ta wuntsila, ya kuma hana bodin murɗewa. A shimfiɗa farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji domin dutse kada ya fasa kaskon baƙin mai. A sa sifirin mai tsawo da shokazoba mai jure zafi, domin shokazoban da ya sha gargada na awa guda mansa yana kumfa, daga nan sai mota ta fara tsalle ba mai riƙe ta. A sa lainin birki mai son zafi da man birkin da ba ya saurin tafasa, a ƙara wa lagireto girma, a kafa kujeru masu rungumar jiki da bel mai bi ta kafaɗu biyu. Bayan duk wannan ne ake zuwa ga inji, a faɗaɗa hanyoyin iska a kan silinda, a sauya kamshaf, a saita famfon mai, har injin lita biyu da ya fito da ƙarfin doki ɗari da 'yan kai ya haura 150. Kuma ba mai shiga gasa sai alƙalan bincike sun leƙa ko'ina sun tabbatar komai ya bi littafin doka. Wanda kejinsa bai cika ba gida zai koma, ko ɗan wane ne.

A Kakuri kuwa kasuwa ta buɗe. Kuɗin mai ya shigo, ƙarin albashin Udoji ya sa ma'aikaci ya fara mafarkin mota, tashar jiragen ruwa ta Legas ta cushe da jiragen siminti har ta kai ana ɗauko sassan Fijo a jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a kawo su Kaduna a mota. Gwamnatin Obasanjo ta soja ta mai da 504 motar hukuma, manya da ƙanana. Dubun-dubatar motoci ke fitowa duk shekara, kuma ba a daina haɗa 504 a Kaduna ba sai wajen 2006, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta bar yin ta gida.

Wadda ta mallaki hanyoyin kudancin Kaduna ita ce doguwar, wagon. Ta fi salun tsawo, tana da layin kujeru uku, kuma a bayanta aksul ne guda mai ƙarfi da sifirin nannaɗaɗɗu guda huɗu, biyu a kowane gefe. Furofelarta a cikin bututu take, ƙura da dutse ba sa taɓa ta. Injinta kuwa kamar don bakaniken ƙauye aka yi shi, domin silindojinsa silif ne da ake zarewa. Idan ya fara cin baƙin mai yana hayaƙi, a ƙarƙashin bishiyar mangwaro za a ɗage kansa, a zare silif huɗu da fistin da ringi, a zura sababbi, gobe da asuba tana tasha tana lodi.

Direban da ya sayi tsohuwar wagon daga gwanjon ma'aikata ba ya kai ta tasha sai ta kwana a gareji. Abin da zai faɗa bai wuce jimla biyu ba: "Maigida, a ɗaga mata baya. Kaya nake ɗauka, ba 'yan ofis ba." Maigida ya sa yara su ɗaga ta a jak, su cire sifirin na baya, a kawo masu kauri ko a cusa gutsuren taya tsakanin nannaɗin, wani lokaci a ɗora zoben ƙarfe a sama domin ƙarin tsawo. A sa tayar a-kori-kura mai kaurin gefe. Mai walda ya haɗa kariya a rufi, ya ƙarfafa wurin da ƙofar but ke rataye, domin ba za ta ƙara rufuwa ba, igiya ce za ta riƙe ta a kan buhuna. Idan motar ta fito babu kaya sai ka ga baya a sama, hanci a ƙasa, kamar kaza tana tsattsagar tsaba. Da an zuba fasinja biyu a gaba, huɗu a tsakiya, uku a baya, aka ɗora buhunan citta da doya da jarkokin manja, sai ta daidaita ta miƙe. Wannan lissafi ne na gaske, ko da ba a rubuta shi a takarda ba, kuma wanda ya taɓa bin hanyar Kachia zuwa Zonkwa a lokacin da ramukanta suka fi kwaltarta yawa ya san motar da aka bari yadda Bature ya ƙera ta ba za ta yi wata uku ba. Ban yarda da masu raina wannan aiki ba. Mutanen nan sun riƙe tattalin arzikin yanki guda da sifana da wutar walda a shekarun da jirgi ya tsaya.

Amma akwai wurare biyu da makarantar tasha ta kauce, kuma rayuka aka biya. Na farko ƙaramin ne, tamostat, ɗan marfin da ke tsare ruwa har inji ya yi ɗumin da ya dace kafin ya sake shi zuwa lagireto. Kusan duk motar da ta shigo hannun kanikawanmu sai an cire mata shi an jefar, a haɗa fanka ta yi ta juyawa ba tsayawa, da hujjar wai don ƙasar sanyi aka yi shi. Injin da ba ya kai zafinsa yana shan mai fiye da kima, yana cin ringi da wuri, balle a sanyin hunturun Kagoro da Manchok. Ainihin ciwon yawanci lagireto ne da ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa. Injiniyan tsere idan zafi ya dame shi lagireto yake ƙara wa girma, ya gyara hanyar iska.

Na biyun shi ne birki. Wagon nauyinta kimanin kilo 1,300 ne, kuma birkinta na baya dorom ne. Idan aka ɗora mata mutum goma da kaya, nauyin ya doshi ninki biyu, zafin da birki zai haɗiye kafin ta tsaya shi ma ya ninka. Gudu ya fi haka mugunta, domin idan ya ninka biyu zafin ninki huɗu yake yi. An ɗaga baya, an ƙara taya, an ƙara kariya, birki kuwa yana nan yadda ya zo, sau da yawa ma da lainin bugi. Man birki yana shan danshin iska. Sabon mai na DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa yana iya tafasa a 140. Yanzu ka ɗauki motar da ta taso daga Jos ta nufo Gidan Waya, ta kama gangarar Hawan Kibo, direba ya sa ta a furi domin tsimin mai, ƙafarsa a kan birki tun daga sama. Kafin ya kai ƙasa man ya tafasa ya zama tururi, ya taka feda ta tafi har ƙasa ba abin da ta kama. Washegari a ce birki ne ya tsinke, ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, amma ma'aikacin loko da ke gwada birki kafin jirgi ya sauko daga wannan tudun shi ma ya yarda da ita.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, tsofaffin motocin Turai suka kwararo ta Kwatano da Legas. Golf da Vectra da Sharon da bas ɗin Toyota suka ture wagon daga tasha, kowace kuma sai da aka ɗaga mata baya. A 1988 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kiyaye haɗurra, Wole Soyinka ya zama shugabanta na farko, kuma tun Fabrairun 2017 take tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu, wato gyaran da ke rage wa mota abin da ɗan tsere ke neman ƙarawa. Masana'antar Kakuri ta koma hannun 'yan kasuwa a 2006, ta faɗa hannun hukumar karɓar basussuka a 2012, sai a 2022 wani sabon kamfani na Ɗangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a gefen hanyar Abuja. Layin dogo na zamani da aka buɗe tsakanin Abuja da Kaduna a 2016 bai bi ta Kafanchan ba.

Injinan kansu sun sauya. Kafireto ya tafi, kwamfuta ta zo, bakaniken da ke gane ciwon mota da kunne ya wayi gari yaronsa mai wayar hannu da na'urar bincike ya fi shi sanin abin da ke damunta. A duniyar tsere ta yau rabin ƙarin ƙarfi a kwamfutar nan ake samunsa, a sake rubuta mata yawan mai da lokacin tartsatsi da matsin turbo, a kan na'urar da ke auna ƙarfin taya, da fetur da aka san ingancinsa. A wurinmu abin da ya fi yawa shi ne a fasa salansa a cire matatar hayaƙin da ake kira indomi a sayar, mota ta ƙara ƙara, mai ita ya ɗauka ƙarfi ta ƙara. Tun bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 kuma gyaran da kowa ke magana a kai shi ne ɗora tukunyar gas a but.

Sha'awar gudu domin gudu ta zo ne ta wata ƙofa. A Japan direbobi irin su Kunimitsu Takahashi da Keiichi Tsuchiya suka shahara da salon karkatar da mota ta shiga kwana a kaikaice, tayoyin baya suna sulɓi, salon da ya zama gasa mai zaman kanta a farkon shekarun 2000, fina-finai da intanet suka kai shi ko'ina. Matasan Abuja da Kaduna da Kano suka kama, da tsofaffin BMW masu jan baya, E30 da E36 da E46. Gyaran sananne ne: a yi wa haƙoran aksul na baya walda domin tayoyin biyu su juya tare, a sa dogon birkin hannu mai aiki da mai, a ƙara wa sitiyari buɗewa, a sassauke motar ƙasa, a tara tsofaffin tayoyi domin a yini ɗaya ake cinye su. Masu yin abin da tsari suna neman fili a killace, da hular kwano da abin kashe gobara. Sauran kuwa, waɗanda suka fi yawa, wasan mota suke yi a bikin aure ko ranar sauka daga makaranta, a tsakiyar titi, 'yan kallo sun yi da'ira ba shinge, yara a gaba. Motar da aka yi wa waldar aksul ba ta son kwana a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, kuma ita ce dai za a koma gida da ita bayan wasa. Duk garin da aka yi irin wannan an san yadda yake ƙarewa, 'yan sanda su kama, gwamnati ta haramta, bayan wata biyu a dawo.

Haramci kaɗai bai taɓa kashe wannan sha'awa a ko'ina ba. Japan ma a hanyoyin duwatsu da dare aka fara, filin tsere da doka suka janye matasan daga titi. A Najeriya akwai filin da aka gina takanas domin tsere a Evbuobanosa ta jihar Edo, tafiyar yini daga Kafanchan. Arewa tana da gadonta, tseren motoci na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka san shi tun shekarun 1970, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 lokacin da Jelani Aliyu, wanda ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabancin hukumar bunƙasa ƙera motoci. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun ƙera ƙananan motocin da suka shiga gasar tsimin mai ta Shell. A Panteka ta Kaduna akwai masu narka ƙarfe da masu lanƙwasa bututu da za su iya haɗa kejin mota idan aka ba su ma'auni da irin ƙarfen da ya dace.

Ɗaya daga cikin tsere mafi arha shi ne na hawan dutse, mota ɗaya bayan ɗaya a kan gajeriyar hanya da aka rufe, agogo ne alƙali. Ingila tana yin sa a Shelsley Walsh tun 1905, Afirka ta Kudu tana yi a Knysna, kuma a irin wannan gasa Ari Vatanen ya kafa tarihi da Peugeot 405 a Pikes Peak ta Amurka a 1988. Yankin da ke da tsaunukan Kagoro, yake kuma tara dubban mutane a bikin Afan kowace ranar 1 ga Janairu, ba ya rasa wurin da za a yi haka. Ni dai ba kofin ne ya dame ni ba, teburin bincike ne. Ranar da aka ce mota ba ta hawa sai an auna lainin birkinta, an duba shekarun tayarta, an gwada man birki, an ga bel da keji, kuma kanikawan Kafanchan da Zonkwa da Kwoi ne za su shirya motocin su tsaya a gaban alƙalai, abin da suka koya a can zai biyo su gareji, ya shiga Sharon da bas ɗin da ke ɗaukar iyayenmu zuwa kasuwa.

Kira na ga ƙungiyar kanikawa ta NATA da ta direbobi ta NURTW a yankin, da sabuwar jami'ar tarayya ta kimiyyar aikace-aikace da aka kafa a Kachia a 2025, su zauna su fitar da ƙa'ida a rubuce: duk motar da aka ɗaga wa baya domin lodi, a duba birkinta a rana guda, a sa hannu. Kai kuma mai mota, yawancin kamfanoni sun ce a sauya man birki duk shekara biyu. Tambayi bakanikenka yaushe rabon da a sauya naka.